Amsa kan zaɓen kansilolin Edinburgh: ba maguɗi ba ne

Malam, ka tambaya yadda aka yi SNP, jam'iyyar masu neman ɓallewar Scotland daga Birtaniya, ta fi kowa kujeru a zaɓen kansilolin 2022 na Edinburgh, babban birnin Scotland, amma jam'iyyar Labour ta kafa shugabanci, har kana zargin an murɗe. Na daɗe a garin nan, kuma tun 2012 nake jefa ƙuri'a, don ɗan Najeriya mai takardar zama yana da wannan 'yancin. Wallahi ba murɗiya.

Ka fara cire hoton zaɓen ciyaman daga ranka. A nan ba a zaɓen ciyaman kai tsaye. Kansiloli muke zaɓa, su kuma su zauna su fitar da shugaba daga cikinsu. Kuma ba dangwale ake yi ba. Tun 2007 jera lamba ake yi a gaban sunaye, 1, 2, 3, daidai yadda kake son 'yan takarar. Ranar da na fara shiga rumfa, ma'aikaciyar sai da ta maimaita min sau biyu. Kowace mazaɓa a garin nan kansila uku ko huɗu take fitarwa. Inda kujerun huɗu ne, da ka ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ka shiga, rarar ƙuri'unka kuma ta gangara ga wanda aka sa wa lamba 2. Shi ya sa da wuya jam'iyya ɗaya ta lashe komai, irin yadda muka saba gani a gida, inda jam'iyyar gwamna kan kwashe ƙananan hukumomi kaf.

To duba lissafin. Kujeru 63 ne, rinjaye sai da 32. SNP ta samu 19, Labour 13, Lib Dem 12, Greens 10, Conservatives 9. SNP da Greens suka haɗa kai, suka tsaya a 29. Ragowar ukun ba sa ga maciji da juna, amma duk suna adawa da ɓallewar Scotland daga Birtaniya, sai Lib Dem da Conservatives suka ɗaga wa Labour hannu, Cammy Day na Labour ya zama shugaba.

Ni dai abin bai kwanta min ba, tunda Labour ɗin nan da SNP ta yi mulkin haɗaka daga 2017 zuwa 2022. Ko a cikin gidan Labour sai da kansiloli biyu suka ƙi goyon baya, aka dakatar da su. Amma doka ba ta ce mai yawan kujeru ne zai yi mulki ba, wanda ya iya tara hannuwa a zaure ne.

Kuma mulki da kujeru 13 ba daɗi. A Fabrairun 2023, da aka zo kasafin kuɗi, na Labour tun zagayen farko ya faɗi, na Lib Dem ya wuce. Haka Labour ta zauna tana aiwatar da kasafin da ba ita ta rubuta ba.