Amsa ga mai tambaya kan kalmar "pacific"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Da na ga tambayarki cewa kin ci karo da "Pacific Settlement of Disputes" a darasinku, kin rasa abin da ya haɗa teku da sulhu, sai da gabana ya faɗi. Wannan kalmar ce ta taɓa sa ni kuka a bainar jama'a.

Ina sabuwar shiga aikin fassara aka ba ni takardun wani taron bita, a ciki har da babi na 6 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda wannan jimlar da kika tambaya ce takensa. Na ga babban harafi a farkon kalmar, na rubuta "sasanta rikice-rikicen yankin Tekun Pasifik". Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, na san a San Faransisko aka sa wa kundin hannu a 1945, garin kuwa a bakin wannan tekun yake. Shugaban sashenmu ya ga kuskuren tun jajibirin taron, daga baya wata abokiyar aikina ta tabbatar mini. Bai kira ni ba. Ya bari sai da zaure ya cika, ya ɗaga takardar ya karanta da ƙarfi, ya tambayi wanda ya yi aikin alhali ya sani sarai. Na miƙe ƙafafuna na rawa. Aka yi ta dariya, shi kuma ya maimaita layin har sau biyu. Na kusa wata guda ba na iya haɗa ido da kowa a ofis, ko abinci ba na fita ci tare da su. Na yafe masa, amma wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Me zai rage shi da ya ja ni gefe ya nuna mini?

To, kalmar ta girmi sunan tekun. Asalinta Latin ne: "pax", wato zaman lafiya, haɗe da "facere", wato yin abu. Ma'anarta ke nan mai kawo sulhu, ko abin da aka bi da shi ta lumana. Tekun ne ya ari sunan. A 1520 Magellan, ɗan Fotugal da ke yi wa Sifaniya aiki, ya fito daga mashigar ruwa mai wuyar bi a ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, ya tarar da ruwa kwance luf, ya kira shi teku mai natsuwa. Kafin nan wani ɗan Sifaniya mai suna Balboa, da ya gan shi a 1513, Tekun Kudu ya sa masa. Saboda haka babin naku cewa yake "warware rikici ta hanyar lumana". Ki buɗe sashe na 33, za ki ga tattaunawa, shiga tsakani, sasantawa, zuwa kotu. Babu ruwan teku a ciki.

Kada dai ki ɗauko ta ki sa a hira. Kalmar lauyoyi da jami'an diflomasiyya ce. In barci mai daɗi kika yi, ko unguwarku lafiya lau take, ko zanga-zangar lumana kike nufi, "peaceful" ake cewa, ita ma jikar "pax" ce ta hanyar Faransanci. Kuma ki daina yarda da babban harafi a kan babi, domin Turawa kusan kowace kalma suke ɗaga wa harafi a taken rubutu. Shi ya kayar da ni.

Akwai 'yar'uwarta da ke ƙona mini rai, "pacification". Da ita Turawan mulkin mallaka suka riƙa kiran yaƙe-yaƙen da suka ci ƙasashen mutane da su, har da cin Kano da Sakkwato a 1903. In kin gamu da ita a littafin tarihi, ki duba waye mai maganar kafin ki rubuta "samar da zaman lafiya".

Ki karanta babin nan gaba ɗaya, daga sashe na 33 zuwa na 38 ne kawai, bai kai shafi uku ba. Duk inda kika maƙale ki turo mini layin, komai dare zan duba miki in sha Allah.