Tambaya da Amsa: Gwangwanin Bajon da Baba Ya Bari

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, duk a kan abu guda: ɗan bajon nan zagayayye mai fil a baya da ake maƙalawa a ƙirjin riga. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, don ita ta sa na sauko da nawa akwatin daga saman kabad, na share masa ƙura.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Amurka daga 1971 zuwa 1975. Da muke kwashe kayansa sai na tarar da wani gwangwani cike da bajo, sun kai 40. Akwai mai fuska rawaya tana murmushi, akwai ja da aka rubuta WIN a jiki, akwai kuma ɗaya mai hoton wani dattijo da sunan McKinley. Yayana ya bincika ya ce McKinley a 1896 ya yi takara, don haka wai mun tsinci dami a kala. Mene ne asalin waɗannan abubuwa, kuma da gaske suna da kuɗi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan. Ki ce wa Yaya ya ɗan dakata da lissafin kuɗin McKinley, don amsar tana cikin labarin yadda aka fara ƙera abin.

Sanya sunan shugaba a jikin riga ya girmi fil ɗin. Lokacin da aka rantsar da George Washington a 1789, magoya bayansa sun sa maɓallan tagulla masu harufan GW, wasu da rubutun fatan tsawon rai ga shugaban. Amma waɗannan maɓallan riga ne na sosai, ɗinka su ake yi da zare. A zaɓen 1860 aka samu ci gaba: hoton Abraham Lincoln a kan ɗan siririn ƙarfe, an zagaye shi da tagulla, an huda sama don a zura kirtani, hoton mataimakinsa Hannibal Hamlin kuma yana baya. A zamanin da jaridu ba sa iya buga hoto sai zane, wannan ne karo na farko da mutane da yawa suka ga ainihin fuskar wanda za su zaɓa.

Bajo irin na gwangwaninki sai a 1896 ya bayyana, daga kamfanin Whitehead & Hoag da ke Newark a jihar New Jersey. Dabarar ba ta da wuya, shi ya sa ta ci kasuwa. A buga hoto a takarda, a rufe ta da seluloyid, wata roba mai haske kamar gilashi wadda John Wesley Hyatt ya samar wajen 1870, a naɗe su duka a kan ɗan faifan ƙarfe, a danne da zobe ta baya, sannan a sa fil. Ba zare, ba tela, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai kuma aka yi dace, shekarar ta faɗo kan zaɓe mai zafi tsakanin William McKinley da William Jennings Bryan, inda ake jayayya a kan ko kuɗin ƙasa zai dogara da zinariya kaɗai ko a haɗa da azurfa. Mutanen Bryan suka riƙa yawo da bajo mai lambar 16 da 1, wato awo 16 na azurfa ya tsaya a madadin awo 1 na zinariya. Na McKinley kuma har da ɗan ƙwaro mai ruwan zinariya suke maƙalawa. Kamfanonin taba da na cingam ba su bari an bar su a baya ba, suka shiga jefa bajo kyauta a cikin kwalayensu. Tara bajo daga nan ya samo asali, don wanda ya samu guda biyar daga cikin jeri ba ya samun sukuni sai ya cike sauran.

To, yanzu ɗauko McKinley ɗinki, ki kifa shi. Abu biyu za ki duba.

Na farko, takarda ce a ƙarƙashin roba, ko kuwa fenti ne aka buga kai tsaye a kan ƙarfen? Buga hoto kai tsaye a kan kwano bai fara yaɗuwa ba sai wajen 1916 zuwa 1920, alhali an harbe McKinley ya rasu tun 1901. Duk McKinley ɗin da kika ga fenti ne a kan ƙarfe, an haife shi ne bayan mai shi ya daɗe a kabari. Na asali yawanci ƙarami ne, bai cika inci ɗaya ba, kuma sau da yawa akwai 'yar takarda a cikin bayansa mai sunan kamfanin da kwanakin rajistarsa.

Na biyu, ki samu gilashin ƙara girma ki karanta gefen da aka lanƙwasa. A 1968 Kleenex, masu yin takardar share hanci, suka raba kwafin tsofaffin bajon zaɓe a matsayin kyautar talla, a 1972 wani kamfanin mai na Amurka ya yi irin haka, aka riƙa ba masu shan mai a gidajen mai. Ba yaudara suka nufa ba, sun ma buga alamarsu da shekarar a gefe. In kin ga AO, alamar kamfanin man nan, da 1972, to Baba kyauta ya samo shi, kuma shekarun zamansa can sun yi daidai da haka sosai. Ban ga bajon da idona ba, amma in za a tambaye ni, nan na fi karkata. Yawan irin waɗannan kwafi ne ya sa ƙungiyar masu tara kayan siyasa ta Amurka, APIC, wadda aka kafa a 1945, ta matsa har aka yi doka a 1973 da ta wajabta buga shekarar ƙira a jikin duk wani kwafi.

Dokar ba ta hana mugu aikinsa ba. Ni kaina an taɓa yi mini: na sayi wani bajo ta intanet daga hoton gabansa kawai, cinikin biri a sama, da ya iso na tarar an kankare gefen da wuƙa an shafa fenti. Yana nan cikin akwatina, ban yar ba.

Maganar kuɗi kuwa, ga abin da ke ba sababbin shiga mamaki: tsufa ba shi ne tsada ba. An buga bajon McKinley da yawan gaske, don haka na asalin ma, in na gama-gari ne, ba zai sayi mota ba. Wanda masu tarawa ke mafarkinsa na mutumin da ya sha kaye ne. A 1920 James Cox ya yi wa jam'iyyar Dimokurat takara, Warren Harding ya yi masa kayen da ba a manta ba. Bajon da ke ɗauke da hoton Cox tare da mataimakinsa kaɗan ƙwarai aka buga. Mataimakin nan kuwa wani matashi ne mai suna Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya ci zaɓen shugaban ƙasa har sau huɗu. A 2022 an sayar da guda ɗaya a gwanjo kan dala 185,850. Ɗan abin da faɗinsa inci ɗaya da kwata ne.

Sauran biyun da kika ambata ba su da tsada, amma ni su suka fi burge ni, don su ne na zamanin Baba na haƙiƙa. Fuskar nan rawaya wani mai zane ne, Harvey Ball, ya zana ta a 1963 a garin Worcester, saboda wani kamfanin inshora da ke son ma'aikatansa su riƙa sakin fuska. Dala 45 aka biya shi, bai kuma yi mata rajista ba. A farkon shekarun 1970 wasu 'yan'uwa biyu a Philadelphia, Bernard da Murray Spain, suka buga ta miliyoyi suka kwashi kuɗi. WIN kuma na Shugaba Gerald Ford ne. A watan Oktoba na 1974, tsadar kaya ta addabi Amurkawa, sai ya tsaya gaban majalisa da jan bajo a ƙirji, harufan suna nufin a murƙushe tsada yanzu-yanzu, ya roƙi jama'a su rage kashe kuɗi, su yi 'yan lambuna a gida. Mutane suka ga an ba su bajo a maimakon magani, sai suka riƙa sa shi a kife, ya koma NIM, suka ce ma'anarsa babu wata mu'ujiza nan kusa. Da za ki samu tsohon hoton Baba da shi a riga, ki duba ta wace fuska ya maƙala.

Shawarata, kada ki raba gwangwanin. Ɗaya-ɗaya ba za su kawo abin kirki ba, amma a haɗe suna gaya miki inda Baba ya je da abin da ya tsaya ya karɓa.

TAMBAYA: Malam, ni fa ban gane ba. Babban mutum da gemunsa ya zauna yana tara 'yan kwanoni kamar yaro? Wace ma'ana ke cikin abin da ake rabawa kyauta a yar washegari? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa, ai ka faɗi dalilin da bakinka. Abin da aka yi don ajiya, kamar lambar girma ta gwamnati, yana faɗin abin da masu mulki ke so a tuna ne. Bajo kuwa an yi shi ne don mako biyu, shi ya sa ba a yi masa kwalliyar tarihi. Abin da ke bakin mutane a makon nan shi ke jikinsa, da zaginsa da barkwancinsa. Wanda ya ga "I Like Ike" (wato ina son Ike, laƙabin ɗan takarar shugabancin Amurka Eisenhower) a 1952 ya ga yadda kalmomi uku suka yi aikin dogon jawabi.

Sannan ka tuna a ina ake sa shi. A ƙirji, kusa da fuska, inda mai shi ba zai ce ba shi ba ne. Matan Ingila masu neman 'yancin zaɓe sun sa nasu mai launin shunayya da fari da kore tun 1908, a lokacin da ake jifansu a titi ana kai su kurkuku. Alamar zaman lafiyar nan mai kama da sawun tsuntsu a cikin da'ira, Gerald Holtom ne ya zana ta a 1958 don tattakin adawa da makaman nukiliya daga Landan zuwa Aldermaston, ya haɗa harufan N da D na ishara da tuta, farkon kalmomin Turanci masu nufin kwance ɗamarar nukiliya. Bajon farko da aka yi da ita na gasasshen yumɓu ne, kuma an raba su da bayanin cewa in yaƙin nukiliya ya auku, suna cikin 'yan abubuwan da wuta ba za ta cinye ba. A Folan, da soja suka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a watan Disamba na 1981, sa bajon ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc ya zama abin kamu. Sai mutane suka riƙa ciro ɗan resisto daga cikin rediyo suna maƙalawa a kwala, domin sunansa a harshensu daga kalmar turjiya ya fito. Ɗan sanda ya san nufi, amma me zai rubuta a takardar tuhuma?

Akwai kuma ɗaya fuskar, kada in yi maka rabin gaskiya. A Sin, daga 1966, an ƙera bajon Mao Zedong biliyoyi, har alminiyam ɗin da ake buƙata don jiragen sama ya yi ƙaranci, aka taka wa ƙirar birki a 1969. A can, wanda bai sa ba ne ke cikin haɗari. Saboda haka idan na ɗauki bajo, tambayar farko da nake yi ita ce: mai shi ya sa ne don yana so, ko don yana tsoro? Ba kullum jikin bajon ke ba da amsa ba, sai ka koma ka karanta shekarar da wurin.

In har yanzu kana ganin wasan yara ne, ba zan ja da kai ba. A Chicago dai har gidan tarihi sukutum aka buɗe na bajo kaɗai, Busy Beaver Button Museum.

TAMBAYA: Malam, nawa sun fara yin ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa ta cikin robar. In wanke su da sabulu? Daga wani mai tarawa.

AMSA: Kada ka kuskura, Malam. Ɗigon nan tsatsa ce daga faifan ƙarfen ta ratso takardar, kuma damshi ne ya jawo ta. Ruwa zai shiga ta gefen zoben ya ƙara mata ƙarfi. Wadda ta riga ta fito ba ta komawa, sai dai ka tsayar da ita: busasshen wuri, nesa da rana don launi na kwaɗewa, kuma kada ka zuba su a gwangwani ɗaya fil na wannan yana yagar fuskar wancan. Akwati mai murfin gilashi da laushin shimfiɗa ya fi, amma ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci, don tsohon seluloyid in ya fara lalacewa yana fitar da iska mai tsami da ke cin na kusa da shi. Duk wanda ka ga ya tsattsage, ware shi gefe. Goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Kuma ka nisanta su da wuta, ko garwashin turare ne, domin seluloyid yana kamawa nan take.