Amsa kan kalmar jazira da Jaziratul Arab

Malam, tambayarka ta me ya sa ake cewa Jaziratul Arab alhali jazira tsibiri ne, kuma mutum zai iya shiga mota daga Jodan har Madina bai tsallaka teku ba, wallahi ni ma ta taɓa ɗaure min kai, sai da na zauna a Sudan sannan abin ya warware min.

Lokacin da nake karatu can na yi zama a Wad Madani, kuma jihar sunanta Aljazira. Ranar farko a bas daga Khartum ina ta leƙen taga ina neman teku, ba komai sai gonakin auduga da magudanan ruwa miƙe sambal har iyakar ganinka, aikin noman ranin da aka buɗe a 1925 da aka gama madatsar Sennar. Wani dattijo Bahaushe ɗan Mai Wurno da ke kusa da ni ya ce ɗana ai ruwa biyu ne suka sa mu a tsakiya, Farin Nilu a yamma, Shuɗin Nilu a gabas, suka haɗe a Khartum, kudu kuwa a buɗe take.

To ka ga a bakin Balarabe ba dole sai ruwa ya zagaye ƙasa kaf ba, in dai ya yanke ta daga maƙwabtanta ta zama jazira. Tushen kalmar ma j-z-r ne, daga nan ake samun jazr wato janyewar ruwan teku, da jazzar mahauci mai yanka. Ƙasar Larabawa kuwa Bahar Maliya na yamma, Tekun Fasha na gabas, Tekun Larabawa na kudu, arewa ce kawai a haɗe. Shi ya sa a littattafan makaranta za ka ga shibhu jazira, mai kama da tsibiri, Turawa ma kalmarsu ta peninsula daga Latin take, ma'anarta saura kaɗan tsibiri. Gidan talabijin na Aljazira da aka buɗe a Doha a 1996 daga nan ya samo suna, Aljeriya kuma jam'in ne, Aljaza'ir, saboda 'yan tsibiran gaban babban birninta.

Mu a Hausa, ga irin wannan ƙasa mai kama da tsibiri, ni na fi son yadda rediyo ke cewa zirin Koriya, don tsibirin Bakassi da muka yi ta ji lokacin shari'ar Najeriya da Kamaru ta 2002 ya sa yara da yawa sun ɗauka yana can tsakiyar teku ne shi kaɗai.