Tambaya da Amsa: Alƙali mai hannun jari, me masu aƙidar mulkin ƙwararru suke cewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne ina karantar kimiyyar siyasa, a aji an mana bayanin teknokarasiyya wai a bar ƙwararru su riƙe al'amura, toh sai na tsaya ina tunani ai alƙali ma ƙwararre ne, in aka kawo masa ƙarar kamfanin da yake da hannun jari a ciki ko kuma mai ƙarar ya taɓa masa alheri, su masu wannan ra'ayin me suke cewa? A barshi ya yanke tunda ya san aikinsa ko kuwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. A'a, ba sa cewa a barshi. Tun daga tushe su abin da suka fi tsoro shi ne kuɗi ya shiga tsakanin ƙwararre da aikinsa, wannan shi ne kukan masanin tattalin arziki Thorstein Veblen a Amurka a 1921 lokacin da yake cewa 'yan kasuwa ne ke hana injiniyoyi aiki yadda ya kamata, daga baya Howard Scott ya ɗauki tutar a farkon shekarun 1930. A wajensu alƙali kamar mudu ne a kasuwa, ba ruwansu da ko mai awon yana da tsoron Allah, juya mudun za su yi su duba ko an bugi gindinsa. Wa'azi baya cikin lissafinsu, tsari suke so: ya bayyana kadarorinsa, a raba shari'u ta ƙuri'a ba wai wani babba ya zaɓa ba, a biya shi albashin da zai ishe shi, irin yadda Singafo ta yi tun 1994 da ta ɗaure albashin manyan jami'anta da abin da manyan masu samu ke samu a kamfanoni.

Kuma gaskiya suna da hujja. A Ingila a 1852 an soke hukuncin Lord Cottenham, babban alƙalin ƙasar a lokacin da ya yanke hukuncin, saboda yana da hannun jari a kamfanin hanyar ruwa da ke cikin shari'ar, ba wanda ya ce ya yi son kai, jarin kawai ya isa. Dokar Amurka ta 1974 ma haka ta ce, komai ƙanƙantar jarin alƙalin tarayya ya tsame hannunsa, ko da hannun jari ɗaya ne tak. Kaga ba a tambayar zuciyarsa ma balle a yi musu.

Amma bari in nuna maka inda abin ya kwana. Tun 2006 aka wajabta wa kotunan tarayya a Amurka amfani da manhajar kwamfuta da ke gwada sunayen masu ƙara da jerin jarin alƙali, in ta ga sun haɗu sai ta yi ishara. Tsari mai kyau a takarda. Sai a 2021 jaridar Wall Street Journal ta bincika ta gano alƙalai 131 sun saurari shari'u 685 tsakanin 2010 da 2018 waɗanda su ko iyalansu ke da jari a kamfanonin, da aka tambaye su wasu suka ce jerin ne ba a sabunta ba, wasu suka ɗora wa ma'aikatan kotu, wasu kuma sunan kamfanin ne aka rubuta daban manhajar bata gane ba. Manhaja ai abin da aka zuba mata take gani, kuma wa ke zuba mata? Shi alƙalin. Wanda ya tono abin kuma ba tsarin bane, 'yan jarida ne, sannan majalisa ta yi doka a 2022 cewa a riƙa saka bayanan kadarorin a intanet kowa ya gani.

Nan ne nake rabuwa da su ɗan'uwa, don aƙidar tana da saurin yarda ƙwararru su sa wa junansu ido, alƙali ya binciki alƙali, talaka kuma a ce masa bai san doka ba ya yi shiru. Sannan abin da baya shiga lissafi yana wuce su. Dubi abin da ya faru a jihar West Virginia ta Amurka, kotu ta ci kamfanin kwal na Massey diyyar dala miliyan 50 a 2002, shugaban kamfanin Don Blankenship ya kashe kusan dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya hau kujerar kotun ƙolin jihar, ya hau, ƙarar ta iso gabansa aka ce ya janye ya ƙi, aka soke diyyar da ƙuri'a 3 da 2 har da tasa a ciki. Benjamin bashi da jari ko na sisi a Massey, wace manhaja ce za ta kama wannan? Sai a 2009 kotun ƙolin Amurka ta ce lallai ya kamata ya janye, ita ma da kyar 5 da 4, kuma alƙalin alƙalai John Roberts da bai yarda ba ya jero tambayoyi 40, nawa ne kuɗin da ya yi yawa, har tsawon wane lokaci, da sauransu. Tambayoyinsa ba na banza bane, amma wallahi mai sayar da goro a bakin kotu in ka ba shi labarin nan baya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu kafin ya gane mai ƙara bai samu adalci ba.

Mu kuma abin ba baƙo bane a wajenmu. Hadisin Ibn Lutbiyya yana nan a Bukhari, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka bani, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan babansa da mamansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Wannan ma'auni yana kama abin da fom ɗin bayyana kadara baya kamawa, wato alherin da ake yi wa kujera ba mutum ba, irin tafiye-tafiyen alfarma da kafar binciken labarai ta ProPublica ta bankaɗo a 2023 cewa attajiri Harlan Crow ya shafe shekaru yana ɗaukar wa mai shari'a Clarence Thomas na kotun ƙolin Amurka nauyi. A watan Nuwamban shekarar kotun ƙolin ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce karo na farko, sai dai ba a sa wanda zai tilasta su ba, kowane alƙali shi zai duba kansa ya ce ko ya janye ko ya zauna.