Me Ya Sa Har Yanzu Rolling Stones Ke Cika Filayen Wasa?

Tambaya: Malam, na ga wasu dattawan mawaƙan Turawa da ake kira Rolling Stones a talabijin, sun cika filin ƙwallo maƙil da jama'a. Mene ne sirrin daɗewarsu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: An kafa wannan ƙungiya a birnin Landan a shekarar 1962, kuma jagororinta biyu, mawaƙi Mick Jagger da makaɗin gita Keith Richards, duk an haife su ne a 1943, wato sun haura shekara tamanin. Tushen kiɗansu shi ne salon bulus na baƙaƙen fatar Amurka, wanda suka ƙara masa zafi da amo.

A ganina, babban sirrin shi ne wasan da suke yi a gaban jama'a, domin Jagger, duk da tsufansa, yakan shafe kusan awa biyu yana kai da komo a kan dandamali, abin da matasa da yawa ba za su jure ba. A 2006 sun yi wasa kyauta a gaɓar tekun Copacabana da ke Brazil, inda fiye da mutum miliyan ɗaya suka halarta, sannan suka yi irinsa a Havana ta ƙasar Kyuba a 2016.

Mutuwar makaɗin gangarsu Charlie Watts a 2021 ba ta tsayar da su ba, har ma sun fitar da sabon kundin waƙoƙi a 2023, kuma yanzu kakanni da jikokinsu kan halarci wasansu tare.