Idan Hadari Ya Riski Mutum a Cikin Kwale-Kwale

Tambaya: Malam, kwanakin baya muna tsakiyar ruwa a cikin kwale-kwale sai hadari ya taso mana ba zato, igiyar ruwa ta yi ta dukanmu har muka fid da rai. Me ya kamata mu yi idan hakan ta sake faruwa?

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa. Da wuya hadari ya zo babu alama: iska takan juya, ta yi sanyi, gabas ko yamma ta yi baƙi ƙirin. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa, domin sauti yana cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. In ƙirgen bai kai 30 ba, ku nufi gaɓa mafi kusa nan take.

Idan kuwa ya riga ya rutsa da ku, kowa ya ɗaura rigar ceto, ya zauna ƙasa a tsakiyar jirgin, kada wanda ya miƙe tsaye. Abin da na fi jin tsoro shi ne igiyar ruwa ta bugi jirgin ta gefe, domin haka ne yake kifewa, saboda haka matuƙi ya rage gudu, ya karkata goshin jirgin kaɗan yana fuskantar igiyar, wani kuma ya riƙa kwalfe ruwan da ke shigowa. A kwantar da gora da duk wani dogon ƙarfe saboda tsawa.

In jirgin ya kife, ku riƙe shi gam, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi fiye da kan mutum a cikin ruwa.