In Kwafi Kasafi In Sa Hannu Kan Takardar Lokutan Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin jami'a ne a nan Maradi, ina cikin ayyukan bincike biyu, na ƙwarin wake da kuɗin Tarayyar Turai, da na hatsi da kuɗin gwamnatin Amurka. A kasafin na farko an ba ni kashi 50 na lokacina, a na biyu kashi 40, ga kuma koyarwa. Wata takwas ke nan ban cika takardar lokutan aiki ba, wato wadda ake rubuta lokacin da aka ba kowane aiki, masu bin diddigin kuɗi kuma suna tafe. Mai lissafinmu ya ce in kwafi abin da ke cikin kasafi in sa hannu, wai kowa haka yake yi. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sa hannu. Jinkirin wata takwas sakaci ne da ake gyarawa, amma abin da aka ce ka yi shaidar zur ce, kuma sunanka ne a ƙasan takardar, ba na mai lissafi ba.

Wannan magana ta "kwafi kasafi" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta a biro. Kasafi ƙiyasi ne da aka yi tun ba a shuka ko ƙwayar wake ɗaya ba. Ita kuwa takardar lokaci shaida ce kan abin da ya auku. Dokar Amurka mai lamba 2 CFR 200.430 ta faɗa ƙarara cewa ƙiyasin kasafi shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma jimillar aikin da jami'a ke biyanka dominsa ba ta wuce kashi 100. To ka duba lissafinka: 50 da 40 sun zama 90. Wato darussa, gyaran jarrabawa, ɗaliban da kake kula da su da zaman shawara duk sun shige cikin kashi 10? Wa zai yarda?

Sai wani ya ce ai shi yana aiki da dare da ranar Lahadi, saboda haka yana da rara. Babu wata rara. In awa 60 ka yi a mako, 15 kan hatsi, kashi 25 ke nan, ko da kasafi ya ce 40. Su Turai kuma, a tsarinsu na tallafin bincike mai suna Horizon Europe, kwanaki suke ƙirgawa: ba a biyan fiye da kwana 215 a shekara, kuma kowane wata kai da shugabanka za ku sa hannu kan kwanakin da ka yi.

Masu cewa ba a ganewa ba su taɓa zama gaban mai bin diddigi ba. Zai ɗauko takardar izinin tafiyarka ya ga ranar da ka rubuta kana gonar gwaji a Tarna, kana Yamai wurin taro. Zai ga awa takwas ranar Babbar Sallah ko 18 ga Disamba, ranar hutun bikin Jamhuriya, ya ga wata takwas da tawada ɗaya. Aikin gona ma da kansa yana tona asiri, domin wanda ya rubuta kwanaki iri ɗaya a Agusta da Maris ya nuna bai san damina da rani ba. A 2003 jami'ar Northwestern ta Amurka ta biya dala miliyan 5.5 kan zargin ƙara gishiri a lokacin da masu bincikenta suka ce sun ba ayyukan tallafi. In ta faru da kai, kuɗin albashin ne za a ce a mayar, bayan an riga an cinye.

Ka zauna da littafin gona, jadawalin darussa, takardun tafiya da saƙonninka, ka fitar da gaskiyar kowane wata. Ka sa kwanan watan ranar da ka cika, kar ka ja shi baya, ka haɗa da gajeriyar wasiƙar dalilin jinkiri. In kai ne jagoran aikin hatsin kuma lokacinka ya ragu da rubu'in abin da ka yi alkawari ko fiye, wato daga kashi 40 ya sauko 30 ko ƙasa, ƙa'ida ta ce da izinin mai tallafi ake yin haka, don haka ka rubuta masa yanzu kafin baƙin su iso. Ka kuma adana hujjojin nan: Amurka shekara 3 take buƙata bayan rahoton kuɗi na ƙarshe, Turai shekara 5 bayan biyan ƙarshe.